Yadda ake kiwon doki a gonar da ke maƙwabtaka da garken aladu

Duk wanda ya bar tsakiyar Jos ya nufi Bukuru, Zawan, Kuru ko Vom neman filin da zai kafa barga, yana iya tarar da cewa mutumin da suka haɗa iyaka mai kiwon aladu ne. Sana'a ce babba a wannan yanki, da ita iyalai da yawa ke biyan kuɗin makarantar 'ya'yansu. Ni Musulmi ne, ba na kiwon alade, ba na cin namansa, aikina dawaki. Amma sau huɗu ina kafa barga a gonar da ke jingine da garken aladu, ɗaya daga ciki ma mai gonar ne da kansa yake riƙe da dabbobin biyu, ni da dawaki, wasu yara da aladu. Abin da na gani a waɗannan shekaru shi zan shimfiɗa wa wanda zai fara.

Doki da alade suna zama kusa da juna lafiya. Ba ganin aladen ke kashe doki ba. Abin da ke kawo asara shi ne abin da ke tsallaka iyaka: abincin aladu, ruwan da ke gangarowa daga ɗakinsu, ƙwarin da ke ƙyanƙyashewa a taɓonsu, sai kuma firgitar dokin da bai saba ba. Dukan matakan da ke ƙasa don toshe waɗannan hanyoyi huɗu ne.

Kayan da za ka tanada

Na shinge: bulo mai inci 6 da siminti don ɓangaren aladu, ko raga mai kauri idan kuɗi bai kai ba, sandunan itacen turare masu kauri ko katako don ɓangaren dawaki, ƙusoshi, diga, shebur da igiyar awo. Kada ka sayi waya mai ƙaya ko da araha aka sakar maka ita.

Na barga: ragama mai ƙarfi, igiya mai tsawon mita 4 zuwa 5, komin abinci da bokitan ruwa waɗanda dawaki kaɗai za su riƙa amfani da su, durom mai murfi na ajiye hatsi da dusa, kwaɗo na ƙofar rumbu, baro, manjagara da tsintsiya. Ka shafa wa kayan barga fenti kala ɗaya domin ko yaro ya gane su daga nesa.

Na lafiya: ma'aunin zafin jiki, gishiri, auduga da bandeji, aidin, Jik ko wani maganin kashe ƙwayoyin cuta, faffaɗan daro na tsoma ƙafa, takalmin roba, raga mai ƙananan idanu ta taga. Da lambar wayar likitan dabbobi a rubuce a jikin bango, ba a cikin wayarka kaɗai ba, don ranar da abu zai faru wataƙila kana kasuwa.

Mataki na 1: Fara da maƙwabcin

Kafin ka haƙa rami ko ɗaya, je ka gaishe shi. A Filato mun san yadda ƙaramar magana ke zama babba idan dabbar wani ta shiga gonar wani, balle a ce alade ne ya shiga bargar Musulmi ko doki ya tattake masarar Kirista. Gara a zauna tun ana dariya.

Dattijon da muka fara haɗa iyaka da shi, da na je na ce masa, "Baba, dawaki zan kawo nan gefenku, na ce bari in zo mu san yadda za mu zauna." Ya ce, "Malam, ka kyauta da ka zo. Ni tsorona ɗaya, kada yaranka su riƙa ratsa mini garke, ciwo a ƙafar mutum yake shigowa." A ranar na gane shi ma yana da abin da yake gudu daga wajena.

Abin da za ku daidaita a kai: wa zai gina wane shinge, ina ruwan wankin ɗakin aladu zai bi, ƙarfe nawa yake ba su abinci, me yake ba su, kuma wa za a kira idan dabba ta ɓalle da dare. Ku karɓi lambar juna. Idan akwai kuɗi a tsakani, kamar haɗa hannu a gina katanga, ku sa mai unguwa ya shaida, a rubuta.

Mataki na 2: Zaɓi wurin barga da iska da gangare

Iskar Jos fuska biyu gare ta. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hunturu na busowa daga arewa maso gabas. Da damina, daga wajen Afrilu zuwa Oktoba, iskar na zuwa ne daga kudu maso yamma. Saboda haka idan ɗakin aladu yana arewa maso gabas da bargarka ko kudu maso yamma da ita, rabin shekara wari da ƙudaje a kanka za su ƙare. Ka nemi wurin da aladun za su kasance kudu maso gabas ko arewa maso yamma da kai, iska ta riƙa wucewa ta tsakaninku.

Gangare ya fi iska muhimmanci. Barga ta kasance a tudu, ɗakin aladu a ƙasa. Kada ka yanke hukunci da rani. Filin da ka gani a bushe ƙayau a watan Janairu, ka koma ka tsaya a cikinsa ana tsakar ruwan Agusta ka ga inda ruwa ke bi. Idan ba za ka iya jira ba, duba inda zaizaya ta bar yashi da inda ciyawa ta fi tsawo, nan ne hanyar ruwa.

Ni nakan bar aƙalla mita 50 tsakanin barga da ɗakin aladu. Idan fili ya yi ƙanƙanta, ka kai bargar can ƙarshen da ya fi nisa, ka sa rumbun harawa ko ɗakin kaya a tsakani. Idan kuma kai ne a gangare ba yadda za ka yi, haƙa lambatu a bakin iyaka ya kwashe ruwan ya zagaye da shi, sannan ka ɗaga daɓen barga da kamar taƙi biyu.

Mataki na 3: Shinge biyu, da rariya a tsakani

Kuskuren da aka fi yi shi ne a yi shinge ɗaya a ce ya isa. Alade ta ƙasa yake fita, da hanci yake tono. Doki ta sama yake tsallakewa ko ya banke da ƙirji. Shingen da zai tsare wannan ba shi zai tsare wancan ba.

Na aladu: katangar bulo mai tsayin mita 1.2, harsashinta ya nutse santimita 30 zuwa 45 a ƙasa. In babu halin bulo, a kafa raga mai kauri, a binne gindinta santimita 30, a lanƙwasa shi ta cikin garken, a danne da manyan duwatsu. Dutse dai ba ya wuya a Jos. Wanda ke da hali yana iya ja wayar lantarki mai aiki da hasken rana ta ciki, kamar santimita 15 zuwa 20 daga ƙasa, daidai hancin alade. Sai dai ciyawar damina na taɓa wayar ta kashe ƙarfinta, dole a riƙa nome ƙarƙashinta.

Na dawaki: tsayin mita 1.5, sanduna uku a gicciye, a buga su ta ɓangaren da dokin yake don idan ya jingina ya danna su jikin ginshiƙi. A tabbata babu kan ƙusa a waje.

Tsakanin shingayen biyu a bar rariya mai faɗin mita 3 ko fiye. Amfaninta uku: doki ba zai miƙa wuya ya kai komin aladu ba, aladen da ya ɓalle zai fara faɗawa rariya kafin ya kai ga dawaki, kai kuma ka sami hanyar zagayawa kana dubawa.

Waya mai ƙaya na hana ta ne saboda na ga aikinta. A gonar farko na tarar da ita a iyaka na bar ta, ina cewa zan cire daga baya. A satin farko aladu suka ɗauki kururuwa lokacin abincin safe, wata goɗiya ta zabura ta faɗa kan wayar, ta tsage ƙirji. Wata biyu muna jinya, tabon bai ɓace ba.

Ƙerana ma, wadda mutanen ƙauyukan nan ke kewaye gida da gona da ita tun kaka da kakanni, shinge ce mai kyau ga akuya da mutum, amma farin ruwanta yana ƙona fata, idan ya shiga ido kuma yana iya lalata shi. Idan ita ce a iyakarku kada ka sare wa maƙwabci shingensa. Ja naka shingen baya yadda doki ba zai kai fuska gare ta ba.

Abu na ƙarshe a nan: kada a saki dawaki a filin da aladu suka yi kiwo sai an cike ramukan da suka tona an daddaɓe. Ramin da ciyawa ta rufe shi ke karya ƙafar doki a guje, karayar ƙafar doki kuwa sau da yawa ita ce ajalinsa.

Mataki na 4: Raba abinci, rabuwa ta har abada

Wannan matakin ya fi kowanne. Idan ka manta da sauran, kada ka manta da shi.

Cikin doki ba irin na alade ba ne. Alade yana cin kusan komai. Doki an halicce shi ne ya riƙa tsinkar ciyawa kaɗan-kaɗan yini guda, kuma ba ya iya amai, abin da ya shiga ya shiga ke nan. A rana yana buƙatar ciyawa ko harawa kimanin kashi 1.5 zuwa 2 cikin ɗari na nauyinsa. Dokinmu na gida mai kilo 300 zai ci kilo 4.5 zuwa 6 ke nan, hatsi da dusa ƙari ne kawai. Idan ya sami buhun abincin aladu a buɗe, wanda yawancinsa masara ce da dusa, zai ci har ya wuce ƙima. Hatsin ya yi tsami a hanjinsa, ciwon ciki ya taso, bayan kwana ɗaya ko biyu zafi ya sauka a kofato. Za ka gan shi ya miƙa ƙafafun gaba ya koma da nauyinsa baya, ya ƙi takawa. Dokin da kofatonsa ya kama irin wannan ciwo da wuya ya koma yadda yake.

Wannan ma idan abincin tsabtatacce ne. Akwai magungunan da ake zubawa a abincin wasu dabbobi waɗanda guba ne ga doki. Monensin, salinomycin da narasin ana sa su a abincin kaji don maganin gudawar jini, wasunsu har a na shanu da na aladu. Suna lalata tsokar zuciyar doki. Monensin miligiram 2 zuwa 3 a kan kowane kilo na nauyin jiki yana iya kashe shi, wato abin da bai kai giram ɗaya ba ga doki mai kilo 300. Kuma babu maganin da ke karya wannan guba. Jos gari ne na kiwon kaji, masu aladu da yawa suna sayen sharar gidan kaji da ragowar abincinsu suna haɗawa, don haka ko maƙwabcinka bai san sunan waɗannan magunguna ba, suna iya kasancewa a kominsa. Lincomycin kuma, wanda ake ba aladu a abinci ko a ruwa, yana kashe ƙwayoyin da ke narka ciyawa a hanjin doki, ya jawo gudawar da ke kai shi ƙasa cikin 'yan kwanaki.

Sai abin da ya ruɓe. Masarar da ta yi fumfuna tana ɗauke da gubar da ke taɓa ƙwaƙwalwar doki, ya riƙa tangaɗi yana zagaye wuri ɗaya yana dafa kai a bango. Dusar burkutu mai tsami, ragowar abincin gidan biki, mushen kaza da wasu ke jefa wa aladu, duk babu wanda ya kamata ya kusanci barga. Mushe musamman, gubar da ke fita daga ruɓaɓɓen nama tana shanye jikin doki ko da ƙanƙanuwa ce ta gauraya da harawa.

Ga yadda nake yi. Rumbun dawaki daban, da kwaɗo. Hatsi a durom mai murfi, don ɓera ma ɗan aike ne tsakanin gidajen biyu. Ba na sayen dusa a tsohon buhun abincin kaji ko na aladu, da buhuna nake zuwa. Idan za a niƙa mini hatsi a injin da ake haɗa abincin kaji, na fasa, gara in ba da dawa ko gero a jiƙa. Mudu, shebur da baro na barga ba sa zuwa aro. Wanda yake riƙe da dabbobin biyu a gona ɗaya kuma ba shi da ɗaki biyu, ya raba ɗakin da katanga har sama, kowane ɓangare da ƙofarsa, kuma kada ya aiki sabon yaro ɗebo abinci sai ya nuna masa da hannu.

Mataki na 5: Ruwa, kashi da ƙwari

Doki na shan lita 25 zuwa 45 a rana, ya danganta da zafi da aiki. Ruwan ya fito daga rijiya ko burtsatse, a bokitinsa. Kada ya sha daga kwata, ko rafin da ya ratso ta garke, ko kududdufan da haƙar kuza ta bari idan aladu na shiga cikinsu. Fitsarin alade da na ɓera na iya ɗauke da wata ƙwayar cuta da ke rayuwa a ruwa mai kwanciya. A jikin doki tana sa goɗiya ɓari, tana kuma kawo ciwon idon da ke tafiya yana dawowa har ido ya mutu. Mutum ma tana kama shi, shi ya sa na sa takalmin roba a cikin kaya. Rijiya kuma ta yi nisan aƙalla mita 30 daga ramin kashin aladu da jujin barga, kuma ta kasance a sama da su.

Alade ba ya gumi sosai, shi ya sa yake neman taɓo ya kwanta. Taɓon da ya haɗu da kashi kuwa nan ne wasu ƙananan ƙwari masu cizo ke hayayyafa, ƙanana ƙwarai, sun fi sauro ƙanƙanta, suna ratsa ragar sauro ta yau da kullum. Su ke ɗaukar cutar dawaki ta Afirka daga doki zuwa doki. Alade ba ya kamuwa da ita, wurin haihuwa kawai taɓonsa ke ba ƙwarin. Alamunta zazzaɓi, kumburin ramin da ke saman ido, numfashi da ƙyar, wani lokaci kumfa ta hanci. Dawakin da aka shigo da su daga waje, irin na 'yan folo, sun fi na gida saurin faɗuwa. Ƙwarin da magariba da asuba suke cizo, don haka dawaki su shiga barga kafin rana ta faɗi, kada su fito sai ta ɗaga. A sa raga mai ƙananan idanu a taga. In akwai wuta a kunna fanka, ba sa iya tashi cikin iska mai ƙarfi. In babu, hayaƙin busasshiyar ciyawa a wajen ƙofa da yamma yana ragewa, amma a tsaya a kansa har ya mutu, barga cike take da abin cin wuta.

Ka roƙi maƙwabci ya riƙa watsa wa aladunsa ruwa a kan daɓen siminti maimakon barin taɓo, ruwan ya bi kwata zuwa rami mai murfi. Idan kuɗin siminti ne matsalar, sa hannu a ciki. Ya fi kuɗin jinyar doki sauƙi.

Kashin barga a kwashe safe da yamma, a tara shi nesa, a rufe. Bobuwa da ƙuda a ruɓaɓɓiyar shimfiɗa suke ƙyanƙyasa, su ne ke hana gyambon doki warkewa da damina. Ɗanyen kashin aladu kada a zuba shi a filin da dawaki ke kiwo, a kai gonar masara ko dankali.

Mataki na 6: Saba wa doki da aladu

Yawancin dawakin da ba su taso kusa da alade ba suna tsoronsa. Warinsa baƙo ne, kukansa mai kaifi ne, ga shi gajere yana fitowa ba zato daga ƙasa. Tsoro ne na gaske, ba tutsu ba ne, kuma bulala ƙara shi take yi. Dokin da aka doka a gaban alade ya koyi cewa inda alade yake nan duka yake.

Kwana uku na farko, kada ka kai shi ko'ina. Bar shi a barga ya ji wari da kuka daga nesa. Ka daidaita lokacin abincinsa da na aladun, domin a lokacin ne suka fi kururuwa. Kuka na tashi, harawa na sauka a gabansa. Cikin 'yan kwanaki zai daina ɗaga kai.

Daga nan ka sa yaron maƙwabci ya goga tsohon buhu a ɗakin aladu, ya rataye maka a kan shinge. Bar dokin ya je ya shinshina da kansa, kada ka kai masa buhun fuska. In an gama a ƙona buhun, kada ya koma garke.

Sai ja da hannu. Sa masa ragama da doguwar igiya, ba linzami ba. Kada ka naɗe igiyar a hannunka, riƙe ta a ninke yadda za ta zare idan ya fizga. Ka tsaya daidai kafaɗarsa, ta ɓangaren da aladun suke, domin doki idan ya zabura nesa da abin tsoron yake tsalle, in kana ɗaya gefen a kanka zai sauka. Ku nufi shinge a hankali. Da ka ga ya ɗaga kai, kunnuwa sun miƙe, yana huci, tsaya nan. Kada ka ƙara taku. Jira ya sauke kai ko ya fara tsinkar ciyawa, shafa wuyansa, ku juya ku koma. Minti 10 zuwa 15 ya isa a rana. Gobe za ka ga inda ya tsaya ya matsa gaba da taku biyar ko goma.

Idan kana da tsohon doki mai sanyin rai wanda ya riga ya saba, sa shi a gaba. Doki da ɗan'uwansa yake auna haɗari, aikin sati biyu sai ya koma na kwana biyar. In ba ka da shi, jakin da ya saba ma yana yi.

Ka nemi wurin da zai ga aladun da idonsa, kamar ta ƙofar raga. Na lura dokin da ke jin gurnani a bayan katanga bai taɓa ganin mai yin sa ba ya fi daɗewa cikin firgici. Fara da aladu masu girma da ke kwance. 'Yan ƙanana masu guje-guje su ne na ƙarshe.

Kada ka ɗaure shi a turke kusa da garke da sunan ya saba dole. Zai ja har ragama ta tsinke ko wuyansa ya gurɗe. Kada a yi masa dabaibayi a wurin. Hawa kuma sai ya kai yana cin ciyawa a bakin rariya aladu na kuka bai kula ba, kuma hawan farko babba ne zai yi, ba yaro ba. Mafi yawa sati biyu zuwa uku suke ɗauka. Na taɓa riƙe wani ingarma da ya yi wata uku bai sauko ba, ya rame, kullum yana jiƙe da gumi a barga. Na mayar da shi wata gona. Irin wannan ba a ja da shi.

Goɗiya mai ɗan duƙushi da uwar aladu mai 'ya'ya, waɗannan biyun kada a gwada sabo da su sam. Alade tana ɗaukar ciki kwana 114, wata uku da sati uku da kwana uku kamar yadda masu kiwonsu ke faɗa, don haka maƙwabcinka ya san ranar haihuwa tun da wuri, ya gaya maka. Uwa mai shayarwa tana kai cizo, namiji babba kuma haurensa na farke ƙafar doki ko cikinsa.

Mataki na 7: Rigakafi, da kare garken maƙwabci

Allurar tetanus, ciwon da ke sandarar da jiki ya sarƙe haƙora, wajibi ce ga kowane doki a irin wannan wuri, don doki na cikin dabbobin da wannan ciwo ya fi kamawa kuma ƙaramin rauni ya ishe shi shiga. Cutar dawaki ta Afirka ma tana da rigakafi, a yi shi kafin damina. Mu a nan mun yi sa'a, Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa tana Vom tun 1924, likitoci da wurin gwajin jini ba su yi mana nisa ba.

Ka san lafiyayyen dokinka kafin ya kwanta: zafin jiki digiri 37.5 zuwa 38.5, bugun zuciya 28 zuwa 44 a minti, numfashi 8 zuwa 16. Auna kowanne yana lafiya ka rubuta.

Kada a yi wa doki allura da sirinjin da aka yi wa alade. Maganin tsutsa na ivermectin da ake yi wa aladu da shanu ta allura, ba a soka wa doki shi, nasa ta baki ake bayarwa.

Yanzu haƙƙin maƙwabci mai aladu. Zazzaɓin aladu na Afirka ya ɓarke a Nijeriya a 1997, ba shi da magani, yana iya share garke cikin kwanaki. Ba ya kama doki, ba ya kama mutum, amma takalmi, tayar mota da baro suna ɗaukarsa. Motar da ta kawo maka harawa wataƙila jiya aladu ta kai kasuwa. Don haka yaran barga ba sa ratsa garke, baƙin da suka zo kallon dawaki ba sa leƙawa, motar kaya kuma tana tsayawa nesa da katangarsa. Idan dole wani ya tsallaka, ya kankare taɓon takalminsa tukuna sannan ya tsoma a daron Jik, domin maganin ba ya aiki a kan laka. A sauya ruwan daron kullum.

Mataki na 8: Ranar da abu ya faru

Alade ya shigo filin dawaki: kada a yi ihu, kada a saki kare, kada a bi shi da sanda. A fara kama dawaki a shigar da su barga a rufe. Sannan a kira mai shi ya zo da bokitin abinci, alade bokiti yake bi. In ana so a juya shi, a tare gabansa da faffaɗan katako ko tsohuwar ƙofa, inda ba ya gani ba ya nufa. Bayan ya fita a nemo inda ya ɓullo a toshe a ranar, don ya riga ya gane hanya.

Doki ya ci abincin aladu: janye shi, kira likita nan take ko da yana tsaye garau, domin alamun kan ɗauki sa'o'i kafin su fito, kuma abin da likita zai iya yi a farko ya fi abin da zai iya yi gobe. Karɓo buhun ko takardar jikinsa da ɗan samfurin abincin, ka ƙiyasta yawan da ya ci. Kada ka ɗura masa manja ko man gyaɗa da kwalba, yana iya bi ta huhu. Cire hatsi gaba ɗaya, bar masa ruwa. Tsayar da ƙafafunsa cikin ruwa mai sanyi sosai, da ƙanƙara in akwai, wannan na rage wa kofato haɗari. Idan aka gano akwai monensin ko ɗan'uwansa a abincin kuma dokin ya tsira, ba sirdi ba kilisa sai likita ya saurari zuciyarsa ya yarda, ko da zai ɗauki watanni. Irin wannan doki yana iya faɗuwa da mahayi ba gargaɗi.

Cizo ko sukar haure: danne da tsumma mai tsabta har jini ya tsaya, wanke da ruwan gishiri, ƙaramin cokali ɗaya a rabin lita na dafaffen ruwa. Kada a cusa toka, baƙin mai ko ƙasa. Raunin haure bakinsa ƙarami ne amma yana da zurfi, idan kusa da gaɓa ne ko a ciki, aikin likita ne a ranar, tare da allurar tetanus.

Kowace Asabar nakan bi rariyar nan da ƙafa daga farko zuwa ƙarshe, ina duba gindin katanga ko an fara tono, ina girgiza sanduna, ina duba lambatu ko ya cushe. A watan Yuli da Agusta, da ƙasa ta yi laushi, ina yin haka duk bayan ruwa mai ƙarfi, da shebur a hannu da 'yan duwatsu a baro.